Malam Ilarie Ya Ɓatar da Juma'a

A ƙauyenmu na bakin kogin Danub, in kana son sanin ranar da ake ciki ba sai ka duba waya ba, hancin Malam Ilarie kawai za ka duba. Ran Laraba da ran Juma'a hancin nan sama yake kallo, yana bin tagogin mutane da shinshine. Ranakun azuminmu ke nan a kowane mako, ba nama, ba kifi, ba madara, ba ƙwai, sai wake da kabeji da tuwon masara. Shi kuwa Malam shekara talatin da ɗaya ya yi yana rera waƙa a coci, a gefen Fada Calistrat, da wata murya mai sa gilashin taga rawa. To da yake Allah Ya ba shi murya, sai ya ɗauka har da aikin duba tukwanen jama'a aka haɗa masa.

Wadda ta fi kowa shan hancin nan ita ce Gwaggo Safta, wata gwauruwa da ke can ƙarshen layi. Shekara shida da suka wuce, ta fito daga asibiti ke nan, hannu na rawa, wani masunci ya ji tausayinta ya miƙo mata kifi. Ta soya abinta ran Juma'a. Malam bai ce mata uffan ba sai ran Lahadi, a bakin ƙofar coci, inda ya dubi sama ya ce da cikakkiyar muryar nan tasa, "Wasu dai sun zo gaban Ubangiji da man kifi a leɓe." Tun daga ranar Gwaggo Safta ta bar wurin tsayuwarta na gaba, ta koma can baya kusa da ƙofa, kuma kafin a tashi ta riga ta sulale.

Yadda ya shiga talabijin kuwa, bakinsa ne ya ja masa. Akwai shirin nan da ake kwasar mutum goma a jefa kowanne a nasa lungun daji, shi kaɗai da kyamara, wanda ya fi daɗewa bai nemi a zo a ɗauke shi ba shi ya ci. Wata rana suna cin abinci da matarsa Zamfira, aka nuno wani ƙato yana kuka wai yana kewar 'ya'yansa.

Malam ya ce, "Ji ragon banza! Kwana tara kacal. Bayin Allah na da shekara arba'in suke yi a kogo, daga su sai busasshen burodi da addu'a. Mai bangaskiya ai ba ya kaɗaici."

Zamfira ba ta ko ɗago kai daga kwanonta ba. Ta ce, "Kai ɗin? Kai da ko bayan gida ka shiga sai ka ja waƙa don a san kana ciki?"

"Gyaran murya nake yi, mace."

"Tsoho, in ka yi kwana uku ba wanda ya ce maka sannu da ƙoƙari, bushewa za ka yi kamar barkono a igiya."

"Kwana arba'in zan yi, ba uku ba!"

"To Allah Ya kai mu," in ji ta. Ita da kanta ta cike masa takardar neman shiga, har ta manna hotonsa na bikin Ista, wanda gemun ya fi fitowa. Masu shirin suna ganin gemun nan suka bugo waya.

Ranar tafiya aka ce kowa kaya goma zai ɗauka. Malam ya jera gatari, wuƙa, tukunya, bargo, tampol, ƙugiyoyi da zarensu, igiya, abin kunna wuta, da hularsa ta gashin tunkiya. Na goma kowa raga ya ɗauka ta kamun kifi. Shi kuwa sai ya zaro kalandar coci, irin wadda ke rataye a kowane ɗakin girki namu, mai jan gicciye a ranakun idi, da alamar azumi a gefen ranakun azumi.

Yarinyar da ke duba kayan ta ce, "Baba, kalanda fa ba ta kama kifi."

Ya ce, "Amma ita ke faɗin ranar cinsa, 'yata."

Ta juya ta dubi mai ɗaukar hoto, ta ga ko ya ɗauka. Ya ɗauka. Malam ma ya lura da haka, ya kuma ji daɗi a ransa.

Aka karɓe agogonsa da wayarsa, aka ba shi wata waya ruwan ɗorawa mai maɓalli ɗaya, in ya danna a zo a ɗauke shi. Aka ce duk kwana goma likita zai zo ya auna shi, a canza batura, amma ba hira, ba labarin gida, ko ranar da ake ciki ba za a gaya masa ba. Daga nan aka sa shi a kwale-kwale mai inji, aka yi ta kutsawa cikin kacala har inda ruwa ya rarrabu gida ɗari, aka sauke shi a wani ɗan tudu mai itatuwa huɗu. Farkon Oktoba ne, sauro bai gama tattara kayansa ba.

Makon farko kam, sai ka ce biki aka kai shi. Da safe ya sa gawayi ya shafa wa ranar baƙi a kalanda, ya kafa kyamara a kan sanda, ya taje gemu da yatsu, ya jira jar fitilar kyamarar ta kama, sannan ya ja waƙa. In ya gama ya yi wa'azi. "'Yan'uwana masu kallo," haka yake farawa, ko da kuwa masu kallon a lokacin kwaɗi ne da wani kwasa-kwasa ɗaya da ke tsayawa a kan kututture. Abu guda dai ya dame shi. A coci in ya saki murya takan bugi rufi ta dawo masa da kauri, ya ji ta a ƙirji. A nan kuwa in ta fita sai ta shige cikin kacala, shi ke nan, ba ta waiwayowa.

Cikin kuma ya fara magana. Ƙugiya ba raga ba ce. Ya yi ta cin saiwar kacala da 'yan katantanwa, sai jefi-jefi wani ɗan kifi kamar yatsa. Ranar kwana na sha shida ya kama na kirki, mai tsawon tafin hannu biyu. Ya duba kalanda, Laraba. Ya ɗaga kifin gaban kyamara ya ce, "Kun gani? Gwaji ne. Gobe Alhamis za mu haɗu da shi." Ya rataye shi a reshe. Da gari ya waye sai igiya ke lilo, ga sawun dila a ƙasa. Ya gaya wa kyamara cewa Ubangiji ne Ya ciyar da wata halittarsa. Da jar fitilar ta mutu ya zagi dilan nan har kakanninsa.

Shiru kuma ba yadda ya zata yake ba. Ya zaci wani fili ne mai tsabta da mutum zai shimfiɗa addu'a a kai. Ashe ɗakin ajiya ne, duk tarkacen da ka cusa shekara da shekaru in ka buɗe sai ya zubo maka a ka. Yana saran itace sai ya tuna marin da ya yi wa ƙanensa suna yara. Yana wanke tukunya sai ya ji ƙararrawar cocinmu, sarai, har ya miƙe ya yi alamar gicciye, alhali tsakaninsa da coci mafi kusa tafiyar yini ce a ruwa. Ya fara gardama da Zamfira da ƙarfi, kuma abin haushi, ko a can ita ke cin gardamar.

Da likita ya zo karo na biyu, ya ɗora shi a ma'auni, ya girgiza kai ya ce, "Baba, in na dawo na tarar ka ƙara raguwa, da kai zan koma, ko ka danna ko ba ka danna ba."

Washegari, Litinin, ya shafa wa ranar gawayi kamar kullum. Ƙishi ya sa ya sha ruwan da bai gama tafasa ba, kafin rana ta take ciki ya murɗa, zazzaɓi ya rufe shi. Ya rarrafa ƙarƙashin tampol ya ja bargo. Ya san dai haske ya zo ya tafi, amma sau nawa, oho. Da ya farfaɗo wuta ta mutu, tokar ma a jiƙe take, shi kuwa bai tuna an yi ruwa ba. Ya jawo kalanda ya ɗauki gawayi, sai hannun ya tsaya a sama. Talata ce? Laraba? Ko Alhamis? Tun da aka haife shi bai taɓa wayar gari bai san sunan ranar ba. Ya ji kamar mai saukowa daga bene da aka zare masa matakala.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, zaren da ya ɗaure a saiwar itace ya miƙe tsam. Ya ja, abu ya ja shi. Ya zauna daɓas a cikin laka ya kafa ƙafafu, yana haki yana kiran sunayen waliyyai a jere, har Allah Ya sa ya fito da ita. Tarwada ce, baƙa, mai gashin baki ya fi na Fada, tsawonta daga kafaɗarsa zuwa yatsu.

Ya zauna yana lissafi da yatsu. In zazzaɓin kwana ɗaya ya ci, yau Alhamis. In uku ne, Asabar. In kuwa biyu ne, kuma zuciyarsa biyun take ta faɗa masa, to yau Juma'a. Ya ce bari ya bari sai gobe, sai ya ga goben ma tana iya zama Juma'a. Jibi ce kawai ba shakka, amma ba gishiri, rana na da ɗumi, ƙudaje sun riga sun fara gaisuwa, dila kuma ya san hanya. Shi kansa in ya miƙe tsaye sai ƙasa ta juya. In bai ci kifin nan ba, likita zai tattara shi ya kai wa Zamfira da kwana talatin kacal. In ya ci, ga jar fitila tana kallonsa, kuma bayan jar fitilar nan akwai ƙauye guda, kowa da kalandarsa a bango.

Sai dabara ta zo masa. Ya cire hular gashin tunkiya ya kifa wa kyamara a ka.

Ya hura wuta, ya feɗe tarwada, ya tsire yanka uku. Mai ya fara ɗiga yana cuwa a garwashi, ƙanshi ya tashi har hawaye ya zo masa. Ya ɗauki yanka ɗaya, ya yi alamar gicciye, ya buɗe baki zai ja addu'ar cin abinci da karin nan da yake yi tun yana saurayi.

Muryar ta fito layi ɗaya ta tsaya. Ya gyara maƙogwaro ya sake, ta sake tsayawa a wurin. Ba mantuwa ya yi ba, kalmomin suna nan. Wanda zai gaya wa ne ya rasa. Sai a lokacin ya lura cewa tun da ya zo tudun nan bai taɓa yin addu'a fitilar nan tana kashe ba. Ya ƙara komawa baya, ya ga kansa a coci, baki yana kiran Ubangiji, kunne kuwa yana can wajen tsofaffin mata, yana jiran ya ji wadda za ta fara jan hanci don daɗin muryarsa. Shekara talatin da ɗaya. Ya dubi hular da ke kan kyamara, dariya ta kusa kama shi, wai shi ne ya rufe wa akwatin roba ido don ya ci kifi a ɓoye, sai ka ce Allah ma da batir yake gani.

Ya daɗe zaune, kifin na hucewa a hannunsa. Iska na kaɗa kacala. Kwasa-kwasan nan ya zo ya tsaya a kututturensa, ya juya masa baya.

Can ya ce, ba kari, ba kauri, da irin muryar da yake tambayar Zamfira inda ta ajiye masa safa, "Ban san ranar ba. Kai Ka sani. Yunwa nake ji." Ya ƙara da cewa, "Ban ma san ko na taɓa yi maKa magana ba kafin yau. In Kana nan, to ga ni."

Sama ba ta buɗe ba, ba kuma wanda ya amsa. Amma shirun bai danne shi kamar na kwanakin baya ba. Ya yi kama da shirun mutum biyu da ke zaune a benci ɗaya. Ƙanshin kifi ya sake bugun hancinsa, hancin nan mai aiki, sai ya tuna tagar da ya taɓa jin irin ƙanshin. Ya dubi hannunsa yana rawa, ya tuna wani hannun da ya gani yana rawa haka, yana riƙe da kyandir, a bakin ƙofar coci.

Ya miƙe da ƙyar ya cire hular daga kan kyamara. Yatsunsa suka nufi gemu za su taje, ya mayar da su. Ya zauna da laka har gira, ya ce, "Jama'a, na ɓatar da kwanaki. Wataƙila yau Juma'a ce. Zan ci kifin nan don yunwa nake ji, ba ni da wani dalili da ya wuce wannan. Na so in ci a ɓoye, shi ya sa kuka ga duhu." Ya dubi kifin da ke hannunsa. "Gwaggo Safta, in kina kallo, ke ma yunwa kike ji a ranar nan. Ni kuwa a ƙoshe nake. Ki yafe mini."

Ya kai loma, ya ƙone harshe, ya ci gaba da ci.

Bai cika arba'in ɗin ba. Tarwadar ta riƙe shi ya wuce awon likita da ƙyar, amma a kwana na talatin da huɗu sanyi ya shigo da gaske, ƙirjinsa ya fara kuka, ya danna maɓallin da kansa. Wata mai kiwon zuma daga arewa ce ta ci gasar. Yarinyar talabijin ta yi masa ƙorafi a cikin kwale-kwale, wai kwana goman ƙarshe bai ba su komai ba, zama kawai yake yi yana kallon ruwa.

Zamfira ta tare shi a ƙofar gida da hannu a ƙugu. Ta ce, "Arba'in fa ka ce, tsoho."

Ya ce, "Na faɗi abubuwa da yawa."

Ta tsaya tana jiran sauran wa'azin, ba ta ji ba. Sai ta taɓa goshinsa ta ji ko da zazzaɓi, sannan ta shiga ta ɗora miya.

Sai bayan Kirsimeti aka fara nuna shirin. Ranar da za a nuna kashin tarwada, aka taru da yamma a zauren taron ƙauye, har Fada Calistrat da matarsa, don a cocinmu Fada na aure. Malam ya zauna a gefe, hula a gwiwa. Ya shirya wa kunyar cin kifi. Abin da bai shirya wa ba shi ne, ya manta da ɗan abin ɗaukar maganar da ke maƙale a wuyan rigarsa. Hula ta rufe hoto, ba ta rufe sauti ba. Allon ya yi baƙi ƙirin, zaure ya yi tsit, aka ji cuwar mai a wuta, aka ji waƙa ta fara ta karye sau biyu, sannan aka ji wata 'yar murya da ba wanda ya san Malam da ita tana cewa yunwa take ji. Addu'a ɗaya tak da ya yi ba don kunnen mutane ba, ita ce ƙasar duka ta ji. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Da hoto ya dawo, aka rubuta a ƙasan allo, kwana na ashirin da biyar. Nan take zaure ya koma ajin lissafi, kowa ya sunkuya yana ƙirga yatsu daga ranar da aka yi masa rakiya. Fada ma yana yi a ɓoye cikin hannun rigarsa. Amma daga can baya, kusa da ƙofa, aka riga kowa.

"Juma'a ce!" in ji Gwaggo Safta.

Zaure ya fashe da dariya, har mai shago yana dukan benci. Ta taso da sandarta, aka dare mata hanya, ta zo ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Ilarie, ka sa gishiri?"

"Babu gishiri, Gwaggo."

"Tafarnuwa fa?"

"Ina zan same ta?"

"Kai, tir. To kai ai naka ma azumin ne. Ni nawa da tafarnuwa na ci, har da tsami, na kuma suɗe kwanon." Ta ɗan buga masa sanda a takalmi. "Ɗago kanka, ƙaton banza. Shekara shida ina jira ka zo ƙofata, sai da ka je ka faɗa wa kwaɗi tukuna."

Da ake fita ya matsa kusa da Fada ya ce a hankali, "Fada, zan zo ikirarin zunubaina."

Fada ya ce, "Ka zo. Amma kada ka ɓata mini lokaci da kifin nan, kowa ya gani. Sauran shekara talatin ɗin nake son ji."

Har yau Malam yana azuminsa Laraba da Juma'a, bai fasa ba, sai dai in zai wuce tagogin mutane takalminsa yake kallo. Wani lokaci yakan riga kowa zuwa coci ya zauna shi kaɗai, ba ya rera komai. Zamfira tana ta mita wai yanzu sai ta ƙwanƙwasa ƙofar bayan gida, don ba ta sanin ko da mutum a ciki. Gwaggo Safta kuwa ta koma wurinta na gaba, daf da inda yake tsayawa, kuma kusan kowace Lahadi, yana tsakiyar waƙa, sai ka ji ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ɗaga murya mana, Ilarie, mu tsofaffi ba ma ji."